Sharhi: saƙon tes na sari don tuna wa ɗalibai motsa jiki a Gombe

Na yi zangon karatu guda ina amfani da ɗaya daga cikin shafukan da ke sayar da saƙon tes a sari, irin wanda ake loda masa lambobi a tsara ranar da saƙo zai fita, domin tunatar da ɗaliban da ke kwana a makaranta a Gombe su riƙa motsa jiki. Tsarin yana aiki, kuma babbar fa'idarsa ita ce tes yana isa ga mai ƙaramar waya da wanda datarsa ta ƙare. Sai dai akwai ramuka a hanya.

Na farko yana cikin haruffanmu. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ, ɗ, ɓ ko emoji ya shiga, sai ya koma 70. Saƙo mai harafi 150 da za a biya a matsayin ɗaya sai ya tsage gida uku, kuɗin ma ya ninka uku. Ko lanƙwasasshiyar alamar da ke cikin "’ya’ya", idan an kwafo ta daga kwamfuta, tana jawo haka. Ba na son rubuta Hausa ba lanƙwasa, amma a nan dole a haƙura da k, d da b, a kuma duba ma'aunin haruffa kafin a tura.

Na biyu shi ne DND, wato tsarin toshe saƙonnin talla a waya. Duk wanda ya tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ware, saƙon talla ba ya shigar masa, kuma tes na sari yakan faɗa wannan rukuni. Kafin a biya kuɗi a tambaya ko shafin yana da hanyar isar da saƙo ga irin waɗannan lambobi, sannan a riƙa karanta rahoton isarwa. A kuma nemi yardar kowane ɗalibi tun farko.

Inda aikin yake shi ne abin da za a rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 18 zuwa sama ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, mai shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a rana. "Ku motsa jiki don lafiyarku" ba ya tayar da kowa daga katifa. Wanda ke aiki shi ne mai lokaci da wuri da adadi: "Yau 5:00, bakin filin kwallo, tafiya da sauri minti 30. Taho da ruwa." Minti 30 sau biyar a mako ya cika 150 ɗin. Ma'aunin saurin kuwa, mutum ya iya magana amma waƙa ta gagare shi.

Saƙo uku a mako ya wadatar, domin na kullum ido yakan saba da shi a daina buɗewa. A tura shi minti 20 kafin lokacin. A zafin Maris da Afrilu sai bayan Asuba ko can bayan La'asar. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, masu asma su yi nasu a cikin ɗaki. Da azumi a mayar da shi bayan tarawihi. Ɗalibai mata a yi musu jerin lambobi daban, da abin da zai yiwu a harabar ɗakunansu, kamar tsallen igiya.

Babban raunin tes na sari shi ne ba a mayar da amsa. Sunan mai aikawa, wanda bai wuce harafi 11 ba, ba lamba ba ce da za a amsa wa, don haka ba ka san wa ya fita ba. Maganin da na samu shi ne zauren WhatsApp a gefe, inda wakilin aji ke saka ƙuri'ar "na yi" ko "ban yi ba" da dare, ranar Asabar kuma a ƙirga.