Na ga likitan tiyatar rage ƙiba ta waya daga Birnin Kebbi

Shekara uku ke nan ina sallah a zaune saboda gwiwoyina. Nauyina kilo 112, tsawona mita 1.62, ga ciwon suga, ga hawan jini. Ƙanwata ce ta haɗa ni da wani asibitin kuɗi a Abuja da ke ganin marasa lafiya ta kiran bidiyo, don kada in sha doguwar hanya a banza.

Sun ba ni ƙarfe huɗu, sai bayan magariba likitan ya kira, ba wanda ya ba ni haƙuri. Raina ya sosu. Amma da ya fara magana sai na huce.

Ya sa na ɗauko biro muka yi lissafin BMI, wato ma'aunin ƙiba, tare: a raba nauyi da tsawo, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Nawa ya kusa 43. Ya ce tsohuwar ƙa'idar 1991 tana neman 40 kafin a yi wa mutum tiyatar, ko 35 ga mai ciwo irin nawa, sabuwar ta 2022 kuma ta sauko da shi 35 ko babu wani ciwo, har 30 ga mai suga. Na ce, "To Likita, yaushe za a yi?" Ya ce, "Hajiya, lamba ta ba ki hanya, jikinki bai ba ki ba tukuna."

A takardar gwajin da na yi a nan gida ya ga ina da ƙarancin jini, sugan kuma bai daidaita ba. Ya tambaye ni ko maigida yana jin numfashina yana ɗaukewa cikin barci, ya kuma tambaye ni zancen haihuwa, domin bayan aikin ana son mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Nan na yi shiru, don ina son ƙarin ɗa. Bai hanzarta ni ba. Ya bayyana cewa a aikin da aka fi yi ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, ba ya dawowa, kuma shan bitamin ya zama na har abada. Da na ambaci azumi, ya ce da farko ruwa ma sai da kurɓi-kurɓi, in tuna zafin Kebbi a watan Afrilu.

Inda suka gaza shi ne takardar abincin da suka turo. Babu tuwon shinkafa, babu fura, babu kifinmu na Argungu, sai abubuwan da ban taɓa gani a kasuwa ba. Sau biyu na nemi a gyara, har yau shiru.

Duk da haka kuɗin ganin likitan bai tafi a banza ba, kuma na riga na ba wata maƙwabciyata shawarar ta fara da irin wannan kiran. Likitan ya ba ni wata uku in shirya jikina. Ina shan maganin ƙarin jini, ina zagaya tsakar gida bayan asuba, ni da maigida kuma muna kan maganar haihuwar.