Fim ɗin dokumentari ko binciken likitoci, wanne za a yarda da shi kan illar boga da soyayyen dankali?

Mutane sun dame ni da tambayar nan, wai tunda an kama masu dokumentari da ɓoye gaskiya shikenan abincin ba shi da illa kenan? To bari mu ajiye su gefe da gefe.

Wajen sauƙi fim ya yi gaba, ka zauna ka kalla kawai. Amma haɗarinsa mutum ɗaya ne ke ba ka labarin jikinsa. Dubi fim ɗin Super Size Me na 2004, Morgan Spurlock ya yi kwana 30 ba ya cin komai sai McDonald's, ya ƙara wajen kilo 11, likita ya ce hantarsa ta taɓu, sai a 2017 Spurlock da kansa ya fito ya ce shekara 30 bai taɓa yin sama da sati ɗaya ba tare da giya ba, to hantar nan fa laifin boga ne ko na kwalba?

Bincike kuwa gaskiya akwai gundura, ga turanci mai kauri. Amma shi ke daɗewa. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta NIH a Amurka ya killace mutum 20, sati biyu abincin da aka sarrafa sosai, sati biyu wanda ba a sarrafa ba, a lokacin wanda aka sarrafa sosai suka riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kullum, kuma komai an auna, ba ji-ta-ji-ta ba. Ƙaryar mai fim ba ta goge wannan.

Wanda yake neman abin da zai zaburar da shi, fim ya ishe shi. Mai ciwon suga ko hawan jini da zai canza cimarsa, bincike da likitansa ne nasa.