Philco na 1931 ko Grundig na shekarun 1950: wanne za a ɗauka?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: an yi masa tayin tsofaffin rediyo biyu masu akwatin katako, Philco 90 ɗan Amurka mai kan baka kamar ƙofar soro, da Grundig ɗan Jamus mai maɓallai jere kamar haƙora. Wanne ya fi?

Malam, in saurare kake so, ɗauki Grundig. In kuma abin ajiyewa a falo ne, Philco ya fi shi kwarjini nesa ba kusa ba.

Philco 90 ya fito daga Philadelphia a 1931, bawul tara ne a cikinsa, wato kwalaben nan masu ɗaukar zafi. An yi shi ne don wutar Amurka, bolt 110 zuwa 120 mai bugu 60 a daƙiƙa. Tamu kuwa 230 ce mai bugu 50. Taransifoma mai rage wuta zai gyara maka bolt, amma ba ya taɓa bugun, shi ya sa taransifoman cikin rediyon kan ɗan fi yin zafi. Ka tsayar masa da wuta a 110, kada ka bar shi yini a kunne. Shi Grundig da maɓallin zaɓen wuta ya zo a bayansa: 110, 125, 220, wasu har 240. Ka duba inda aka bar shi kafin komai.

Wajen kama tasha ma ba a haɗa su. Philco matsakaicin zango kaɗai ya sani. Grundig yana da dogo, matsakaici, gajere, da FM, wanda za ka ga an rubuta UKW. Dalili kuwa, rabon zangon da aka yi a Kofanhegan a 1948 ya bar Jamus da 'yan kaɗan, sai suka rungumi FM tun 1949. Amma fa a lura: yawancin waɗanda aka yi don kasuwar Jamus a 100 allurarsu ke tsayawa, tashar da ke 102 ko 105 ba za ta shigo ba.

Akwatin shi ne inda ake yaudarar mai saye. Duka biyun ba gundarin katako ba ne. Falle-fallen katako ne aka liƙa, sannan aka lulluɓe da siririyar fatar icen wolnot. A Philco an lanƙwasa fallen ne ya ba da bakan nan, kuma gam ɗinsa na fatar dabba ne. Damina ta jiƙa shi, hunturu ya busar, sai fatar icen ta ɗago, galibi daga gindi da kan bakan. Wannan gam yana da kirki ɗaya: ka ɗora ƙyalle mai ɗan danshi, ka bi da dutsen guga mai ɗumi, ka danne da nauyi ya kwana, sau da yawa zai koma ya kama. Kada ka bi shi da samfefa da ƙarfi, fatar ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, nan da nan za ka huda ta. Grundig na ƙarshen shekarun 1950 kuwa wani fenti mai kauri da sheƙi kamar gilashi aka zuba masa. In ya tsage, gyaransa sai an kankare duka. Ka juya kowanne ka duba ƙasa: ƙananan huji da garin katako alamar ƙwaro ne.

A ciki, ciwonsu ɗaya: kondensa na takarda, wato 'yan kayan da ke ajiye cajin wuta, sun tsufa suna yoyon wuta. A Grundig mafi haɗari shi ne wanda ke kai sauti ga bawul EL84, mai tura sauti zuwa lasifika. In ya yi yoyo, bawul ɗin zai ja wuta da yawa har ya ƙona taransifoman lasifika. Canjinsa ɗan aikin dalma ne, a sa sabo mai jure bolt 630. Na Philco an binne su cikin 'yan akwatuna baƙaƙe da aka cika da kwalta, sai an ɗumama an kwashe kafin a sa sabbi. Sannan lasifikarsa ba ta da maganaɗisun dindindin, naɗin waya ne da ke cikin layin wutar rediyon. In ya tsinke, komai ya mutu, kuma ba za ka ɗauko lasifikar kasuwa ka maƙala haka kawai ba.

Ko wanne ka saya, kada ka soka shi a bango kai tsaye. Haɗa kwan fitila mai zare, wat 60 zuwa 100, a kan layi ɗaya tsakanin soket da rediyon. In ya haska sannan ya dushe, da sauƙi. In ya tsaya da haske sosai, cire, akwai inda wuta ke haɗuwa. Kuma a cikin kowannensu akwai wutar da ta kai bolt 250 ko fiye, wadda kondensa kan riƙe ko bayan an zare fulogi.