Tsohon Keken Tsere: Wanne Ya Kamata Ka Saya Ka Gyara a Gida?

Mai son tayar da tsohon keken tsere a tsakar gidansa, tun wajen ciniki yake cin riba ko ya tafka asara. Cikin na gwanjo da ake samu a Kano, uku ne suka cancanci a tsaya a kansu: Raleigh na Ingila, Peugeot na Faransa, da masu kayan Japan irin Shimano ko SunTour.

Kada fenti ya ruɗe ka, firam za ka duba. Tsatsar sama sanfefa na cire ta. Amma in ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya lanƙwashe baya, ko ƙarfe ya tattare kusa da wuya, keken ya taɓa karo, ka bar wa mai shi kayansa. Sassauta noti ka murɗa sandar sirdi. Wadda ta kafe a ciki tana iya cin mako ana jiƙa ta da mai ba ta motsa ba.

Peugeot akwai daɗin hawa, sai dai tsofaffin ma'aunin Faransa gare su. Kaurin sandar da ke riƙe da kan keken milimita 22 ne, na sauran kekuna 22.2, tiredin gidan feda ma daban. Abu ɗaya ya lalace, sai ka karaɗe Sabon Gari da Ƙofar Ruwa kana cigiya. Raleigh kuwa masu gyara sun san shi tun zamanin kakanni, amma masu arahan da aka ƙera a masana'antarsu ta garin Nottingham tiredi 26 ne a inci, ba 24 da aka saba ba. Don haka kada ka zubar da tsohon kofin boris na gidan feda, domin wanda aka saba ba zai zauna ba. Wanke shi da kananzir, sa sabbin ƙwallaye da giris. In ka ga tambarin Reynolds 531 a jikin firam, ƙarfe ne mai kyau mara nauyi, ya cancanci ƙarin kuɗi.

Ni dai wanda bai taɓa gyara ba, mai kayan Japan nake ba shi shawara, domin kusan duk abin da ya saya zai zauna.

Sai taya, inda mutane suka fi ƙonewa. Faɗin cikin taya mai inci 27 milimita 630 ne, na mai lamba 700C 622, na ta Phoenix mai inci 28 kuma 635, babu wadda ke shiga wilin wata. Karanta lambar da ke gefen tayar, ka tabbatar akwai irinta a kasuwa kafin ka biya. In da zaɓi, ɗauki 700C, ka sa mata mai ɗan kauri saboda ramuka da yashin gefen titi.