Shekara guda da yi wa 'yata tiyata da mutum-mutumi

An haifi 'yata da buɗaɗɗen ƙashin baya, larurar da likitoci ke kira spina bifida. Tun tana jaririya aka rufe wurin, amma jijiyoyin mafitsara sun riga sun taɓu. Har ta kai shekara 9 da famfas take zuwa makaranta a Kubwa. A Islamiyya kuwa can bakin tabarma take rakuɓewa don kada a ji zarni. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Likitanmu a nan Abuja ya ba da shawarar aikin Mitrofanoff, sunan likitan Faransa da ya fito da shi a 1980. Ana ɗaukar afendis ɗin yaro a mayar da shi 'yar hanya daga mafitsara zuwa cibiya, a kuma matse bakin mafitsarar don yoyon ya tsaya. Muka sayar da filinmu, muka tafi Indiya inda ake yin sa da na'urar mutum-mutumi mai suna "da Vinci".

Kakarta ta tayar da hankali: "Yanzu Abban yara, inji za ku miƙa wa yarinyar nan?" Ba haka ba ne. Likita ne ke zaune yana sarrafa hannuwan na'urar, yana kallon cikin a faɗaɗe. Maimakon a tsaga ciki, 'yan ƙananan huji aka yi. Yau sai ka ƙura ido kafin ka ga tabon. Aikin dai ya daɗe, wuni guda ina zaune a baranda da carbi.

Abin da ban ji daɗinsa ba, asibitin ya yi ta zuzuta na'urar, bai zaunar da mu kan ɗawainiyar da ke gaba ba. Ba warkewa ba ce. Duk bayan awa 3 zuwa 4 sai ta zura siririyar roba ta cibiya ta zubar da fitsarin, har ƙarshen rayuwa. Robar daidai da ita ma sai na zaga kantunan magani a Wuse. Sau ɗaya hanyar ta ƙuntata, muka kwana a asibiti.

Duk da haka, da za a mayar da ni baya zan sake sayar da filin. Yanzu ita ke sa robar da kanta, ta yi alwala, ta tsaya a sahu kusa da ƙanwarta. Mai niyya ya fara tambayar yara nawa likitan ya yi wa irin wannan aikin, ya kuma samu wanda zai ci gaba da duba yaron a gida kafin ya yanki tikiti.