Tsohon rumbu a sabuwar kwamfuta: a tashe ta da shi, ko a sa shi a kesin?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Na ga tambayarka: wuta ta dawo da ƙarfi a shagonka na Agege ta ƙone bod ɗin laftof, wato babban allon da kayan cikinta ke manne a kai, ka sayo wata Dell 'yar tokumbo a Computer Village, yanzu kana son sanin ko za ka ciro had dis ɗin tsohuwar, wato rumbun ajiyarta, ka zura a sabuwar ta tashi kamar da, tunda lissafin kaya da sunayen masu bashi duk suna ciki. Hanya biyu ce a gabanka: ko ka tashi sabuwar da tsohon rumbun, ko ka bar ta da nata Windows, ka sa tsohon a kesin mai USB ka kwashe kayanka.

Kafin a kunce sukuru ko ɗaya, duba maganar BitLocker, tsarin Windows na kulle rumbu, don ita ta shafi hanyoyin biyu. Laftof da yawa masu Windows 10 da 11 suna kulle rumbu da kansu da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Makullin yana ɗaure da wani ɗan guntu a jikin bod da ake kira TPM, kuma naka bod ɗin ya tafi. Duk inda ka kai rumbun zai nemi lamba mai alƙaluma 48. Shiga asusunka na Microsoft ta waya ka nemo ta, ka rubuta a takarda. In a kulle yake kuma babu lambar, duk wanda ya ce zai buɗe maka a Otigba, titin nan na Computer Village, kuɗinka kawai zai ci.

Hanya ta farko tana da daɗin ji: manhajojinka, firintarka, komai a inda ka bar shi. Amma shingenta da yawa. Na farko ma, ko rumbun zai shiga? Tsofaffin laftof suna amfani da SATA mai inci 2.5, sirara na yanzu kuwa da yawa ba su da ramin, sai M.2, wanda bai fi tsinken cingam ba. In ya shiga, sai batun yadda aka tsara shi. Rumbun da aka ɗora wa Windows a tsohon tsarin BIOS, wato MBR, ba zai tashi a injin da ke kan sabon tsari na UEFI zalla ba, don shi rumbu mai tsarin GPT yake nema. A Dell, F2 ke kai ka saiti. In akwai zaɓin Legacy ka kunna. Injinan da suka fito daga wajen 2020 zuwa yau da yawa an cire musu shi gaba ɗaya.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Mutum ya gani gabansa ya faɗi, ya ɗauka rumbu ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da ke faruwa, Windows ɗin ya saba magana da rumbu ta tsarin AHCI, ita kuma Dell sau da yawa tana zuwa a kan RAID On, direba, wato 'yar manhajar da za ta haɗa su, babu. Ka mayar da saitin AHCI, galibi sai ta wuce. Windows 10 da 11 suna da haƙuri, sukan ɗan daɗe suna gane sabbin kayan, su sake tashi sau ɗaya ko biyu. Windows 7 kuwa ba ya son baƙon gida ko kaɗan, kuma Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020. Shi ma 10 ɗin wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025.

Lasisi ƙaramar magana ce. Wanda ya zo da tsohuwar ya mutu tare da bod ɗinta, amma sabuwar tana da nata a jiki, in dai iri ɗaya ne, Home da Home ko Pro da Pro.

Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne, wutar da ta ci bod ba mamaki ta taɓa rumbun. Tashin Windows rubutu ne a kansa ba ƙaƙƙautawa. Kwafi ɗaya tak kake da shi na littafin bashinka, ka ɗora masa wannan aiki? Ga shi in tsohon mai juyawa ne, sabuwar kuma SSD gare ta, wato rumbu mai sauri marar juyawa, ka sayi doki ka ɗaura masa ƙafar jaki ke nan.

Hanya ta biyu ba ta da wannan dogon turanci. Kesin ɗin SATA ko na M.2, gwargwadon rumbunka, ka jona kamar filash. Ka buɗe Users, ka shiga sunanka, Windows zai nemi izini ka ba shi, ga Desktop da Documents ɗinka nan. Babu ruwanka da MBR ko AHCI. Asararta guda: manhaja ba ta biyo kwafi. Ko ka kwashe Program Files kaf ba za ta yi aiki ba, sai an sake ɗora ta. Haka kalmomin sirrin da Chrome ya adana, a kulle suke da tsohon Windows, sai dai in kana shiga da asusun Google. Amma in Excel kake lissafi da shi, ko manhajar da ke ajiye bayananta a fayil guda, fayil ɗin kawai kake buƙata.

Ni dai da nawa ne, kesin zan saya, ba na ko tantama. Wuri ɗaya zan yarda da hanya ta farko: in akwai manhajar da wani ya ɗora maka shekarun baya, babu faifanta, shi ma ba a san inda ya shiga ba. Ko a nan, ka fara kwashe fayiloli ta kesin, sannan a yi wa rumbun kwafi sukutum a kan wani SSD da irin su Clonezilla, a yi gwajin a kan kwafin. In ya lalace, na asali yana aljihunka.

In Computer Village da ke Ikeja za ka kai a yi maka, ka zauna a wurin har a gama, kada ka bar shi ka tafi sallah ka dawo. Yaran suna da saurin hannu, kuma maganinsu na kowace cuta fomatin ne, wato goge rumbun kaf. Kai ma in ka jona a gida Windows ya ce sai an yi fomatin kafin ya buɗe, danna Cancel, ka zare shi, ka turo mini hoton abin da ya rubuta.