Lissafin zaren firintar 3D da manhajar Cura: abin da na gani cikin shekara guda

Shekara guda ke nan ina aiki da firintar 3D ƙirar Ender 3 a ɗan shagona da ke Yelwa, nan Bauchi. Yawancin masu kawo min aiki ɗalibai ne, 'yan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, kuma tambayarsu ta farko ba ta wuce "nawa zai ci?" Amsar tana hannun zaren robar da injin ke narkarwa, wanda muke kira filamen. Daga Legas nake yin odarsa, sai ya yi kwanaki a hanya, don haka kowane giram yana da daraja a wurina.

Da Cura nake wannan lissafi. Manhaja ce ta kamfanin UltiMaker, kyauta ake sauke ta. Kana saka mata zane ta yanka shi hawa-hawa, sai ta rubuta maka a ƙasan allo awa nawa aikin zai ɗauka, giram nawa zai ci, mita nawa. In ka shigar da farashin kilo ɗaya a bayanan zaren, har kuɗin za ta fitar. Sau da dama na ɗora abin da na gama bugawa a kan sikeli don in gwada ta, bambancin ba ya wuce 'yan giram. A nan kam na ba ta gaskiya, kuma da lambarta nake yanka wa mutane farashi.

Lissafin nata kuwa a fili yake. Zaren nau'in robar PLA mai kaurin milimita 1.75, mita ɗaya yana da nauyin kusan giram 3, ke nan kilo ɗaya ya kai mita 330 da ɗoriya. Zaren nau'in robar ABS ya fi shi rashin nauyi, kilo ɗaya yakan kai wajen mita 400. Shi ya sa in ka ɗaura wani zare amma ka zaɓi sunan wani a manhajar, giram ɗin da za ta nuna ba naka ba ne.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, Cura tana faɗa maka abin da aikin zai ci ne kawai. Abin da ya rage a kan kwarkwaro, wato abin da zaren ke naɗe a kai, wannan aikinka ne. Wani dare na duba kwarkwarona da ido na ga kamar da saura rabi, na kunna aikin awa goma sha huɗu na tafi gida. Da asuba na dawo na tarar kan injin yana ta kai da kawowa a iska, yatsa biyu sama da aikin, ba abin da ke fita. Zare ya ƙare tun tsakar dare, injina kuma ba shi da na'urar da ke tsayar da shi in zare ya yanke. Wajen giram ɗari uku suka tafi a banza. Daga baya na fahimci inda ido ya yaudare ni: zagayen waje ya fi na ciki tsawo nesa ba kusa ba, saboda haka in tudun zaren ya sauka rabi, abin da ya rage bai kai rabin kilo ba.

Washegari na shiga kasuwar Wunti na sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir. Na auna wani kwarkwaro da ya ƙare na kamfani ɗaya, ya ba ni giram 230, na rubuta lambar da alƙalamin maka a jikinsa. Tun daga ranar, kafin in taɓa maɓalli sai na ɗora zare a sikeli na cire nauyin kwarkwaron.

Amfanin haɗa su biyun ya fito min ranar da wani ɗalibin zanen gine-gine ya zo da samfurin gida mai hawa biyu, saura kwana huɗu ya miƙa. Cura ta ce giram 430. Sikeli ya nuna 610, in an cire kwarkwaro saura 380. Ya dube ni ya ce, "Yaya, to yanzu ya za a yi? Wallahi ba zan iya jiran na Legas ba." Na ce masa, "Ƙanena, jawo kujera." Muka rage cikon ciki, wato robar da ke cike cikin samfurin, daga kashi 20 zuwa 10, tunda gidan kallo ne, ba kaya zai ɗauka ba. Muka cire rufin muka kwantar da shi daban, sai duk tokaran da manhajar ta jera a ƙarƙashinsa suka ɓace. Kowane canji muka yi, mu sake yankawa mu ga lambar ta sauka, har ta tsaya a 335. Wannan damar ta gwada dabaru goma ba tare da ka ƙona ko mita ɗaya ba, ita ce abin da na fi so a Cura.

Duk da haka nakan ƙara kashi goma zuwa sha biyar a kan lambarta. Hawan farko yakan ƙi kama faranti, wato shimfiɗar da injin ke buga aiki a kai, musamman da hunturu in ƙura ta kwanta a kai, sai an sake. Da damina zare yakan sha laima ya riƙa yin ƙara yana fitar da gashi-gashi, shi ya sa nake ajiye nawa cikin bokiti mai murfi da ƙunshin silika. Ga kuma ɗauke wuta: injin yana iya ci gaba daga inda ya tsaya, amma in faranti ya huce aikin yakan saki, a koma farko. Babu manhajar da za ta lissafa maka waɗannan.

Gidan ɗalibin ya kammala a dare na uku. Da na ɗora kwarkwaron a sikeli ya nuna 268, wato saura giram 38, da su na buga wa wani mai gyaran rediyo maɓallan murɗawa guda huɗu.